Amarone: nauyinta daga shanya yake zuwa

A tsaunukan Valpolicella da ke arewa da birnin Verona ake yin Amarone, ɗaya daga cikin jajayen giyar inabi mafi kauri a Italiya. Musulmi ya san hukuncinta, ba sai an tuna masa ba. Amma Bahaushen da ke zaune a wannan yanki zai lura cewa ginshiƙin aikin shanya ce, abin da muka tashi muna gani a gida, kuma a ganina a nan suka sha gabanmu.

Haɗi ce ta inabi iri-iri. Dokar yankin ta ce Corvina ya kasance kashi 45 zuwa 95 cikin ɗari, Rondinella kashi 5 zuwa 30, Corvinone kuma yana iya maye gurbin Corvina. Corvina ke kawo ɗan tsamin nan mai kama da na zoɓo. Rondinella ba shi da ƙamshin a zo a gani, ana sa shi ne saboda yana jure shanya, ba ya saurin ruɓewa.

Ana tsinke inabin da hannu a Satumba zuwa Oktoba, a zaɓi nonon da 'ya'yansa ba su cunkushe ba, don iska ta ratsa. Sai a jera shi, ba a ɗora wani kan wani, a akwatuna marasa zurfi ko kan shimfiɗar kara, cikin ɗakuna masu iska, kwana 100 zuwa 120. Kafin a matse shi ya rasa kashi 30 zuwa 40 na nauyinsa. Ruwa ya tafi, sukari da tsami da launi sun taru. Sukarin ne yisti ke mayarwa barasa, shi ya sa ƙarfinta ba ya gaza kashi 14, yawanci ma 15 ko 16 ne. Daga nan sai ta kwana aƙalla shekara biyu, wadda suke kira Riserva kuwa huɗu. Burukutu, wadda take tsami cikin 'yan kwanaki, ba hanyarsu ɗaya ba.

Ɗanɗanonta na zabibi ne da busasshen ɓaure, da ɓauri mai kama baki irin na goro, sai ɗan ɗaci a ƙarshe. Sunan ma daga kalmarsu ta ɗaci aka samo shi. Idan yisti ya tsaya bai cinye sukarin ba, abin da za a samu mai zaƙi ne, shi suke kira Recioto.

Babban abokin gabarsu laima ce. Kakar Veneto, lardin da Verona ke ciki, hazo ne da danshi, ɗan inabi guda da ya fashe yana iya baza fumfuna cikin akwati, ɗanɗanon ya koma na ruɓa. Don haka suke kunna fankoki da injinan tsotse danshi, ma'aikata na zagayawa suna tsince wanda ya lalace.

Mu kuwa hunturu yana ba mu busasshiyar iska kyauta, a daidai lokacin tumatirin rani. Duk da haka ana yanka shi a baza a ƙasa a bakin titi, mai kyau da ruɓaɓɓe wuri ɗaya, ƙura da awaki na bi ta kai, kauɗar ta fito baƙa da yashi. Da za a tsince kafin a yanka, a ɗaga shanyar bisa gadon kara tsayin ƙugu, a jera ɓangaren da aka yanka yana kallon sama, a rufe da raga, da kauɗar ta fito ja, uwargida ma ba sai ta wanke ta sau uku kafin ta kai niƙa ba.