Jitar da ke jin kira kafin mai waya

A ƙauyenmu, can gefen Gumel, duk abin da ke da waya a cikinsa wurina ake kawo shi. Ina da shagon caji, ina da faifan sola a kan rufi, ina canza bakin caji da lasifikar waya, na kuma taɓa tayar da fankar masallaci bayan ladan ya fidda rai da ita. Tun daga lokacin yara suka laƙaba mini Injiniya, ni kuma ban ga dalilin hana su faɗin gaskiya ba.

Ƙanena ne ya jawo maganar jita. Yaron nan ya cika wayarsa da kiɗan Buzayen Agadas, ko gona za shi da shi a kunne. Wata Alhamis ya ja tunkiyarsa zuwa kasuwar Maigatari, da yamma sai ga shi da wani dogon abu a buhun taki. Inna ta leƙa buhun, ta dube shi ta ce, "Kai ɗan nan, tunkiyar ce ta koma katako?"

Jitar lantarki ce, mai siffar Les Paul, wato sananniyar jitar nan ta kamfanin Gibson, amma irin wadda ba a san uwarta ba balle ubanta, domin ko suna babu a kanta. Makunninta ya karye, wayoyi sun yi cirko-cirko a ramin baya. Wanda ya sayar masa ya haɗa masa da sabon makunni a leda, ya kuma gaya masa an taɓa canza fikof ɗaya. Ƙanena ya ce, "Yaya, ko in kai wa Baba mai rediyo a Gumel?" Na ce masa in ya sake ambaton wannan tsohon a shagona, ya nemi wani wurin cajin.

Ga wanda bai taɓa buɗe cikinta ba, jitar lantarki ba ta da muryar kanta. Muryar tana wurin fikof, wato maganaɗisu da aka nannaɗe da siririyar wayar jan ƙarfe sau dubbai, an kwantar da shi a ƙarƙashin tsirkiya. In aka kaɗa tsirkiyar ƙarfe tana rawa a kan maganaɗisun, sai wata 'yar mitsitsiyar wuta ta taso a cikin naɗin, amfilifaya ta ɗauka ta kumbura ta. Wannan jitar tana da biyu. Na kusa da wuya muryarsa kauri da taushi, na kusa da jakin da tsirkiyoyin suka hau kuwa kaifi gare shi. Kowanne yana bi ta maɓallin ƙara sautinsa, daga nan ya je makunni, daga makunni zuwa ramin da ake soka wayar amfilifaya. Makunnin zama uku yake yi: sama na wuya, ƙasa na jaki, tsakiya duka biyun. Ina wahalar take a nan?

Abin da kawai ya ɗan tsayar da ni shi ne, kowane fikof ya fito da wayoyi huɗu, ja da baƙi da fari da kore, ga kuma wata tsirara ba riga. Na duba a wayata na ga dalili. Irin wannan fikof ɗin naɗi biyu ne a jiki ɗaya, an juya wa ɗaya maganaɗisu an kuma juya tafiyar wutarsa, domin gunjin lantarkin da ɗaya ya kwaso ɗayan ya kashe shi, sautin tsirkiya kuma ya ninku. Wani injiniyan kamfanin Gibson mai suna Seth Lover ne ya nemi rajistar dabarar a 1955, aka fara sa ta a Les Paul a 1957. Na ce madalla, ɗan'uwa a sana'a. Sauran bayanin ya yi tsawo, data kuma ba kyauta ba ce, sai na rufe.

Ai ko yaron da ya taɓa riƙe batirin mota ya san ja wuta ne, baƙi ƙasa. Fari da kore da suka rage na murɗe su tare don kada su yi kaɗaici. Tsirarar kuwa na sa almakashi na datse ta, domin a shagona ba a barin waya ba riga.

Sai maganar liƙi. Damina ce, hadari ya kwana biyu yana rufe rana, batirin shago da ƙyar yake ɗaukar wayoyin mutane, in na jona ƙarfen narka dalma sai inbata ta hau kuka. Na samo ƙusa 'yar inci shida, na kama ta da filaya, na tura ƙanena ya riƙa gasa ta a garwashin mai shayi. Tsakanin teburin mai shayi da shagona akwai 'yar tafiya, ga kwata a tsakiya. In ya taso da ƙusa ja-wur yana ihun "a ba da hanya", kafin ya tsallake kwata ya iso ta huce. Dalma ta ɗan yi laushi, ta dunƙule, ta gangara cikin ramin jitar. Bayan maɓallin sauti ne ya fi ba mu wuya, domin faffaɗan ƙarfe ne, yana shanye zafin ƙusa kafin dalma ta san an zo. Daga baya muka kwashe aikin gaba ɗaya muka koma kan bencin mai shayi. Wani dattijo ya kurɓi shayinsa ya ce yau madarar tana warin rediyo. Mai shayi ya ce mini, "Injiniya, ko ka sayi kofi uku ko ka tashi." Na sayi uku, na sa a lissafin ƙanena.

Bayan sallar isha muka aro amfilifayar gidan kallon ƙwallo, aka tayar da janareto, samari suka cika ƙofar shago. Na soka waya, na murɗa.

Wani gunji ya tashi wanda sai da kwanon rufi ya amsa. Ba wanda ya taɓa tsirkiya tukuna. Ƙanena ya ɗora hannu a kanta, maimakon abin ya lafa sai ya ninka, har karnukan unguwa suka karɓa. Muna cikin haka sai ga Inna da damin kara yana ci da wuta, tana cewa a kauce, zuma ce ta sauka a shago, hayaƙi kawai take jin tsoro. Da ƙyar aka riƙe ta kafin ta kai ga wayoyin jama'a.

Na yi wa taron bayani cewa wutarmu a nan tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60, saboda haka dole jita ta ɗan yi baƙunta. Mutane suka jinjina kai. Da suka ragu na buɗe ramin soka waya, na tarar kunnuwansa biyu kamarsu ɗaya, ba wanda ya rubuta wanne ne na wuta wanne ne na ƙasa. A jitar da aka haɗa daidai, tsirkiya tana manne da ƙasa, shi ya sa in ka taɓa ta gunji ke raguwa. A tamu tana manne da wuta, duk wanda ya taɓa ta ya zama eriya. Na sauya wayoyin biyu, gunji ya sauko daga na tashin unguwa zuwa na hana barci.

Sai makunni ya fito da nasa halin. A tura shi sama, na jaki ya yi magana. A tura ƙasa, na wuya ya amsa. Ƙanena ya fara zancen a koma wurin mai shayi. Na kwance goron da ya ɗaure makunnin, na juya shi gaba ya koma baya, na ɗaure. Shi ke nan. Wannan dabarar ko Seth Lover ya gani sai ya ba ni hannu.

Na wuya dai ya yi daɗi, har ƙanena ya lumshe ido. Na jaki kuwa muryarsa ta fito siririya ta hanci, kamar akuya mai mura, ga gunji na binta a baya. Na ce masa haka na Agadas suke, bai dai saba ji kusa ba ne.

Muna wannan gardamar sai lasifika ta yi "dit-didit, dit-didit, dirrr". Muka yi tsit. Can sai wayar Kawu, wadda ke caji a kan kantar shago, ta hau ruri. Kawu ya amsa, ya gama, ya dawo yana kallon jitar. Ba a jima ba ta sake yin dit-didit, wayar mai nama ta ɗauka. Kawu ya cire hula ya mayar. Ya ce, "Ɗana, wannan abin yana ji kafin a kira."

Ni na san dalili. Ƙananan wayoyin nan masu madanni, kafin su yi ƙara sai sun yi musayar saƙo da dogon ƙarfen sabis, suna aika shi guntu-guntu kimanin sau 217 a daƙiƙa, duk wayar sauti da ba ta da kariya kuwa sai ta kwaso. Amma mutum ba ya tsayawa dogon bayani alhali kasuwa na buɗewa. Kafin sati ya zagayo, cajin shagona ya fi na kowa tsada, kuma layi ake yi. Masu jiran kuɗi daga 'ya'yansu a Legas suka mayar da bencina wurin zama, da an ji dit-didit kowa ya zabura ya dafa tasa. Akwai wani da ake bi bashin taki, shi kuma da jita ta yi motsi sai ya miƙa wa yaro wayarsa ya ce a ce yana gona. Wata tsohuwa ta aiko jikarta ta tambaya ko jitar na iya faɗin wanda zai kira.

Ƙanena ne kawai bai ji daɗi ba. An gayyace shi kiɗa a bikin abokinsa, ga jita ta zama ma'aikaciyar shago. Ranar wata kasuwa ina barcin rana ya saɓe ta sai Gumel. Na hau babur na bi shi, don kada a lalata mini aiki.

Na tarar Baba mai rediyo ya riga ya buɗe bayanta, ya sa tabarau, yana kallon dunƙulen dalmar da ke ciki. Ya ce, "Wane ne ya yi wannan, maƙeri?" Na ce, "Baba, ina wuni." Ya ce, "Au, kai ne. Zauna, yaro."

Ya ɗauko tsohuwar mitarsa mai allura, ya warware wayoyin na jaki, ya riƙa taɓa su bibbiyu. Baƙi da fari suka motsa allura, wajen om dubu 4, wato awon yadda naɗi ke tare wuta. Kore da ja su ma haka. Ya ce to ga naɗi ɗaya, ga ɗayan. Sannan ya kwantar da sukudireba a kan maganaɗisun ya fizge, yana duban ɓangaren da allura ta zabura, ya yi wa ɗayan naɗin haka, ya yi wa na wuya. A nan ta bayyana cewa wanda ya ƙera wannan fikof ɗin baƙi ya ɗauka a matsayin wuta, kore ƙasa, ja da fari su ake haɗewa a naɗe da salatif. Yadda aka haɗa shi a shagona, naɗin biyu suna kashe sautin juna suna tara gunji, wato dabarar 1955 ce tsaf, sai dai ta juya baya.

Na ce, "Baba, amma ai na wuyan da ja ya yi aiki." Ya ce wannan wani kamfani ne daban, kowa da launin da ya ga dama. Na juya na dubi ƙanena don ya shaida: manyan kamfanoni sun kasa zama su daidaita a kan launi huɗu, amma ni ake harara.

Baba ya tono guntun tsirarar da na datse, ya ƙara mata tsawo, ya liƙa ta tare da kore a bayan maɓallin sauti. Ya ce ita ce rigar sauran, ita ke tare hayaniyar waje. Ya sake liƙa komai da ƙarfensa na lantarki, kowane ɗigo ƙarami yana ƙyalli. Da ya zo kan makunni ya ga an juya shi, ya yi shiru, ya bar shi yadda yake. Ina so a rubuta wannan.

Kafin mu tafi ya gargaɗi ƙanena cewa a irin wannan haɗin, in makunni na tsakiya ya rufe maɓallin sauti ɗaya gaba ɗaya, duka biyun za su yi shiru. Yaron bai saurara ba. A wurin bikin ya yi hakan daidai lokacin da abokan ango suka shigo fili, jita ta ɗauke ɗif, kuma duk taron ni suka juyo suna kallo.

Washegari da sassafe Kawu ya zo shago da wayarsa, ya ajiye ta a jikin jitar, ya sa yaro ya kira shi. Waya ta yi ruri, lasifika ko tari. Ya sake gwadawa. Ya ce, "Na faɗa, tsohon nan na Gumel ya kashe mata baiwa. Ɗana, nawa za ka karɓa ka mayar da ita yadda ka yi ta?"

Na ce ya kawo kuɗin dalma da na shayi kofi uku, sannan ya san yadda zai yi ya janye ƙanena zuwa gona har la'asar.