Ku daina karɓar haihuwa a gidajen mutane ba inshora

Ƙannena ungozomomi da ke aiki a Ingila, yau da ku nake. Kwanan nan a wajen wani suna na ji wata yarinya, ko daɗewa ba ta yi da samun rajistar NMC, hukumar da ke yi wa nas-nas da ungozomomi rajista a Birtaniya, ba, tana cika baki wai ita ta karɓi haihuwar a falon gidan bayan ta tashi daga asibiti, aka sallame ta da 'yan fam-fam a ambulan. Na ce ina inshorarki? Ta ce, "Haba Anti, ai 'yar garinmu ce."

'Yar garinmu! In jini ya ɓalle, ko kafaɗar jinjiri ta maƙale, garin naku ne zai biya diyya? Tun 2014 doka ta wajabta wa duk ungozoma mai rajista a Birtaniya ta zama tana da inshorar da za ta ɗauki diyya in an samu kuskure. Kariyar da NHS, hukumar asibitocin gwamnati, ke ba ki ta aikinsu ce, ba ta bin ki falon kowa. Kuma duk shekara uku da hannunki kike shaida wa NMC kina da ita.

Ku dubi waɗanda suka fi ku gogewa. A 2017 NMC ta ce tsarin ƙungiyar ungozomomi masu zaman kansu, IMUK, ba shi da isassun kuɗi, ta hana su karɓar haihuwa da shi. Suka je babbar kotu, suka sha kaye. Dalili? Yaro ɗaya da ƙwaƙwalwarsa ta taɓu wajen haihuwa, diyyarsa miliyoyin fam ce, domin jinyar rayuwa ce gaba ɗaya. Yana kuma da damar kai ƙara har bayan ya girma, lokacin ke kin manta kuɗin ambulan ɗin. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Tsautsayi kuwa ba ya sallama.

Haushina, ba ma lasisinki ba, uwar nan da za a bari da yaro naƙasasshe ba mai ba ta ko sisi. Wannan shi ne zumuncin?

Sistocin da suka koya mana aiki, ko allura ba sa yi sai sun rubuta, kuma in abu ya fi ƙarfinsu ba sa jin kunyar kiran likita. Yanzu yarinya ta karɓi haihuwa goma, ta fi ƙarfin tambaya. Ku je ku bincika abin da takardun inshorarku suka ɗauka tun kafin wata mai naƙuda ta sake bugo muku waya.