Wa zai riƙe alƙalamin?

Wani labari ya ce za a sake shata iyakokin mazaɓu, a raba kujerun majalisa bisa yawan jama'a. To madalla, amma wa zai riƙe alƙalamin? In 'yan majalisar ne da kansu, an ba kura ajiyar nama ke nan. Dabarar ai tsohuwa ce: a cusa magoya bayan 'yan adawa a mazaɓa ɗaya, ragowar a yayyanka su har ƙuri'arsu ta tashi a banza.

Rabo tsakanin yankuna ma ba wasa ba ne. Tun 1976 Indiya ta tsayar da nata a kan ƙidayar 1971, don kada jihohin da suka rage haihuwa su rasa kujeru. Ni dai a ba hukuma mai zaman kanta, ta fito da taswirar kowa ya gani kafin a amince.