Tsoron alkafurar baya: nasiha ga ƙannena masu tsalle a kan yashi

Ƙannena masu taruwa bayan la'asar a kan tulin yashin da tifa ta sauke a wajen Ƙofar Marusa, da ku da kuke zuwa gefen filin wasa na Muhammadu Dikko domin koyon tsalle-tsalle, da ku nake magana a kan tsoron nan da yake kama mutum idan ya juya baya zai tashi sama. Na daɗe ina tsaya wa yara a wannan wasa, hannuna ɗaya a gadon bayansu ɗaya a ƙarƙashin cinyarsu, don haka tafin hannuna yana jin lokacin da jikin yaro ya sandare tun kafin shi kansa ya ankara.

Akwai wani yaro a cikinku da a bara yake jera alkafura uku ba tare da ya numfasa ba. Wata rana na gan shi ya gyara tsayuwa, ya lila hannuwa, ya ɗan durƙusa, sannan ya miƙe ya goge gumi da bakin rigarsa, ya sake, har ya fi sau goma, abokansa kuwa suna ta kiransa rago. Da ya zo wurina idanunsa sun kawo ruwa, ya ce, "Malam, wallahi ƙafata ce ta ƙi tashi." Na ce masa na yarda, domin gaskiya ya faɗa. A 'yan watannin nan ya yi tsawo sosai, ƙafafu da hannuwa sun miƙe, nauyinsa ya sauya wurin zama, jikin da ya haddace juyin ba shi ne yake ɗauke da shi yanzu ba.

Allah ya sanya mana a can cikin kunne wasu ƙananan bututu guda uku masu ruwa a ciki, su ne suke sanar da ƙwaƙwalwa duk inda kai ya karkata, ido kuma yana tabbatar mata da labarin. Idan za ka tashi ta baya, ido ba ya ganin inda aka nufa, sai ƙwaƙwalwa ta dogara da abin da jiki ya saba kawai. Da zarar ta daina amincewa da wannan sabo, ko don faɗuwa da ka taɓa yi, ko don ka ga wani ya faɗi, ko don gajiya da girman jiki, sai ta riƙe ƙafarka. Wannan riƙon kariya ce, kuma babu gwanin da ya fi ƙarfinta. Simone Biles ta Amurka, wadda ta tara lambobin gasar duniya fiye da kowa a wannan fanni, ta janye daga wasan ƙarshe na ƙungiya a Olamfik ɗin Tokyo a 2021, saboda idan ta tashi sama ta daina gane inda ƙasa take. An yi mata surutu iri-iri, amma ta koma atisaye a inda ake sauka kan abu mai taushi, ta dawo ta ci tagulla a wannan Olamfik ɗin, sannan a Faris a 2024 ta ɗauki zinare uku. Wanda ya kira ta matsoraciya bai san wasan ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yaron da aka zuga ya tashi alhali zuciyarsa ba ta yarda ba. Irin wannan yakan sauya shawara a tsakiyar iska, ya saki gwiwoyinsa ko ya waiwaya, juyin ya tsaya rabi, kuma rabin alkafurar baya a kan wuya yake ƙarewa. Ƙasusuwan wuya bakwai ne, ta cikinsu laka ta ratsa, idan ta taɓu mutum yana iya rasa amfanin hannu da ƙafa har ƙarshen rayuwarsa. Da yawanku kuna kwaikwayon ɗan ƙwallon Najeriya Julius Aghahowa ne, yadda ya jera alkafura bayan ya zura wa Suwidin ƙwallo a gasar cin kofin duniya ta 2002, to ku sani cewa a 2014 wani ɗan ƙwallon Indiya, Peter Biaksangzuala, ya ci ƙwallo ya yi irin wannan murna, ya sauka ba daidai ba, bayan 'yan kwanaki ya rasu yana da shekara 23. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Idan ba ka ji a ranka za ka kai juyin ƙarshe ba, kada ka bar ƙasa.

Maganin da na sani shi ne komawa baya zuwa matakin da ba ka jin ɗar a kansa, ko da kuwa adungure ne ta baya a kan katifa, irin na ƙananan yara. Daga nan ka kwanta ka banƙare har jikinka ya zama gada, ka riƙa tsayuwa a kan hannu kana jingine da bango, domin kanka ya saba da kallon duniya a kife. Sai ka koyi tashi sama tsaye da lilon hannu, ka faɗa da gadon baya a kan katifu da aka jibga, kana kallon gabanka, ba ka wurga kai baya ba, domin wurga kai shi ne yake cinye tsayin tsalle. Bayan wannan ne za a tsaya maka, kuma mai tsayawar ya zama babba mai ƙarfi wanda ya san aikin, ba sa'anka da zai janye hannu idan ya firgita ba. Yau ya ɗauke ka gaba ɗaya, bayan kwanaki ya rage zuwa tafin hannu, sannan yatsu, sannan ya tsaya kusa kawai. Idan ka yi yunƙuri sau uku ƙafa ta ƙi, ka sauko mataki ɗaya a ranar, domin yawan tsayawa ana fasawa shi ma sabo ne da jiki yake haddacewa. Kada ka gwada sabon juyi da magariba ta kawo kai, ko kana gajiye, ko a kan yashin da ba ka tona ka duba ko akwai dutse ko guntun bulo a ciki ba.

Ku kuma masu kallo da ɗaukar bidiyo, ku ji tsoron Allah game da bakinku, domin kalmar rago guda ɗaya tana iya jefa ɗan'uwanku inda mahaifiyarsa za ta shafe shekaru tana juya shi a kan gado. Idan wani ya faɗi a kan kai ko wuya, musamman idan ya ce hannunsa ko ƙafarsa ta mutu, kada ku ɗaga shi, kada ku ja wuyansa, kada ku ɗora shi a kan babur zuwa wurin mai ɗori. Ku riƙe kansa yadda yake, ku nemo ma'aikatan lafiya.

Yaron nan da na ambata ya koma adungure a gaban waɗanda suka yi masa dariya, kuma ya jure. Ya kwashe makonni hannuna yana bayansa. A ranar Asabar da ta wuce ya juya ya sauka da ƙafa biyu, ya waiwayo ya ce in ƙara rage hannun, na nuna masa hannuwana duka biyu a naɗe a ƙirjina.