Ranar da na tahi gayyar tashar jirgi

Mu Sakkwatawa akwai abin da ba mu son a taɓo muna a majalisa, wato zancen jirgin ƙasa. Turawa sun jawo layin dogo tun daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya iso Ƙauran Namoda a 1929, nan anka ja birki. Gyaɗa da auduga suke so, sun samu, sai sunka bar mu da jakai. To amma ni kullum hujjata ita ce kafin 1996 da anka yanke Zamfara, Ƙaura ai cikin jihar Sakkwato take, don haka tashar tamu ce, aro kawai muka ba su.

Kawuna tsohon ma'aikacin reluwe ne, can Ƙaura yake zaune, shi yak kira ni yac ce samarin unguwarsu za su yi gayya su gyara dakalin tsohuwar tasha, wurin da fasinjoji ke tsayawa, duk ya farfashe ciyawa ta cinye shi. Lokacin hanya lafiya lau take. Nac ce Kawu ai ko ba ka gayyace ni ba zan zo, kayanmu ne.

Na sha farar shadda da hula da takalmin Sallah, don ni a lissafina hoto za a yi a ɗora a Facebook, mutum ya riƙe shebur ya yi murmushi shi ke nan. Da isa Kawu ya gabatar da ni, sai wani yac ce a'a ashe daga garin siminti kake, ku ne masu Kalambaina. Nan kaina ya kumbura, nac ce ai mu da siminti muke tashi da shi muke kwana, wanda kuma gaskiya ne, ƙurarsa dai. Kafin ka ce me an fara ce mani injiniya.

Birkilan wani dattijo ne mara yawan magana. Yac ce to injiniya, buhu guda kwano nawa na yashi za a sa, nawa na tsakuwa? Na yi shiru kamar mai lissafi, na dubi sama, na dubi yashin, har na ɗebo na murza a hannu, sannan nac ce Baba a sa dai daidai, kar ya yi yawa kar kuma ya yi kaɗan. Bai ce komai ba. Ya miƙo mani kwanon sarki yac ce ga ofis ɗinka nan.

Jama'a, kwaɓaɓɓen kankare ba fura ba ne. Babu gammo, sai na naɗe hulata na yi gammo da ita, ana loda mani ina tahiya wuyana na rawa, ruwan siminti na bin ƙeya yana gangarowa cikin riga, ga rana ta take tsaka, ga yaran Ƙaura ƙanana na wuce ni da nasu kwano suna ce mani sannu injiniya. Shadda ta koma ruwan toka tun sawun farko. Kawu kuwa na zaune gindin bedi yana ba mutane labarin yadda ake loda buhunan gyaɗa a tarago da can, ko kallona bai yi.

Wajen la'asar an zuba dakalin, Baba ya bi da katako da cokalinsa ya goge shi sumul, ya kafa duwatsu kewaye yac ce ko akuya ta taka sai ya yanka ta. Ni kuma na sauka tsakiyar layin dogo ina ɗaukar hoton kaina, don a gida su san na taka ƙarfen da ƙafata. Ina cikin gyara fuska sai na ji ƙaho, paaaam, mai ƙarfin gaske, a bayana. Wallahi ban waiga ba. Ban san ina da tsalle haka ba, na yi kabbara na daka sama sai ga ni bisa dakali, ƙafa biyu tsundum cikin ɗanyen kankaren Baba, ina ihu jirgi jirgi ku kauce.

Ba wanda ya kauce. Tipar da ta kawo muna yashi ce direba ke son a janye baro ya juya. Layin ma da nake tsaye kai ciyawa ta kai gwiwa, har da tunkiya kwance.

Mutum biyu sunka kama ni sunka ciro, takalmi ɗaya ya biyo ni ɗaya ya ƙi. Baba ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallon ramin, sannan ya juya wurin Kawu yac ce Malam wanga ɗan naka a wace makaranta yay yi injiniyancin? Ya zaro takalmin da shebur ya ajiye mani, kuma ni da kaina na sake ɗauko kwano biyu anka cike wurin.

Da silifas ɗin alwalar Kawu na koma Sakkwato. Na yi niyyar in ce a majalisa na ga jirgi har ya kusa take ni, ashe Kawu ya riga ya bugo wa Inna waya, Inna kuma ta faɗa wa matata, ina shiga gida tac ce sannu da zuwa injiniya, tipa nawa ta iso tasha yau?