Ba Suka Ce Ta Kashe John Keats Ba

Ƙannena masu rubuta waƙa, akwai wata ɗabi'a taku da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum zai ɗora baiti biyar a Facebook, wani ya ce masa ɗango na uku ya karye, ko amsa-amon bai zauna ba, shi ke nan an taɓo gidan rina. A toshe mai gyaran, a biyo shi da habaicin mahassada. Kwanan baya har wani ya kafa mini hujja da John Keats, sha'irin nan na Ingila, wai ai sukar manazarta ce ta kashe shi yana ɗan shekara 25. Na san inda zancen ya samo tushe: Shelley, wani sha'irin Ingila na zamaninsa, ne ya yi masa marsiyya ya ɗora alhakin a kan masu suka, duniya ta ɗauka. Amma tarin fuka ne ya kashe Keats, ciwon da ya ɗauke mahaifiyarsa a 1810, ya ɗauke ƙanensa Tom a Disambar 1818, shi ne kuwa ya yi jinyar Tom ɗin har ya cika.

An haife shi a Landan a 1795. Mahaifinsa mai kula da bargar dawakin haya ne, ya faɗo daga kan doki ya rasu a 1804. Yaron bai ga ƙofar jami'a ba. Daga makarantar Enfield aka kai shi koyon aikin magani wurin wani likita, a 1815 ya shiga asibitin Guy's yana ɗaure raunuka, a zamanin da ake yanke ƙafar mutum idonsa biyu, babu maganin kashe zafi. Ya ci jarrabawa a 1816, sannan ya ajiye aikin ya rungumi waƙa. Ban ce ku yi koyi da shi a nan ba, don talauci bai sake shi ba har kabari.

Karatunsa nake so ku duba. Bai iya Girkanci ba, ga shi waƙoƙinsa cike suke da labaran Girkawa. Wani dare a watan Oktoban 1816, shi da abokinsa Charles Cowden Clarke suka samu aron waƙoƙin Homer, tsohon sha'irin Girkawa, da George Chapman ya fassara zuwa Turanci. Suka zauna suna karantawa da ƙarfi har asuba ta yi. Keats ya taka da ƙafa ya koma masaukinsa, kafin Clarke ya gama karin kumallo ga saƙon sabuwar waƙa mai ɗango 14 a gabansa, har yau kuma ana karanta ta a makarantu. Kai da ke cewa baiwa ce ba karatu ba, yaushe rabonka da ka kwana a kan littafin wani?

Ita kuwa sukar da aka yi masa, ba irin taku ba ce. Ingila ta fito daga yaƙin Napoleon a 1815, burodi ya yi tsada, gwamnati na ɗar-ɗar da duk mai maganar sauyi. Leigh Hunt, editan jaridar The Examiner da ya fara buga waƙar Keats, ya yi shekara biyu a kurkuku don ya taɓa Yarima mai riƙon sarauta. Saboda haka da littafin waƙar Keats mai suna Endymion ya fito a 1818, mujallun masu ra'ayin riƙau, Blackwood's da Quarterly Review, suka far masa, rabin dukan ma na Hunt ne ya sauka a gadon bayansa. Blackwood's har ce masa ta yi ya koma shagon magani wurin filasta da ƙwayoyi. Wannan ba gyara ba ne, gorin asali ne.

Me ya yi? Tun a gabatarwar littafin ya riga ya amsa cewa aikin bai nuna ba. Daga baya ya rubuta wa ɗaya daga cikin masu buga masa littafi cewa sukar da yake yi wa kansa ta fi masa ciwo nesa ba kusa ba a kan ta mujallun nan. Bai tsaya kare littafin ba, ya koma ya zauna. A 1819, cikin wata tara, ya rubuta kusan duk abin da ake tunawa da shi a yau. A waƙar da ya yi wa tsuntsun nan mai kukan dare akwai saurayi da ke ƙoƙewa, ya rame, ya mutu, wata biyar ke nan da binne Tom. Waƙarsa ta lokacin kaka kuma ya yi ta a Winchester, wata guda bayan sojojin doki sun afka wa taron masu neman 'yancin zaɓe a Manchester. Wasu manazarta na jin ƙamshin wannan tarzoma a cikinta. Ni dai ina ganin sun ɗan zurfafa, amma jarida kam yana karantawa.

A Fabrairun 1820 ya dawo gida cikin sanyi, ya yi tari, ɗigon jini ya sauka a zanen gado. Ya ce wa abokinsa Charles Brown ya miƙo kyandir. Ya duba, ya ce ya san launin wannan jinin, ba ya ruɗuwa da shi, ajali ne ya zo. Tsohon ɗalibin asibiti ne, ya san abin da ke kashe shi. Ya rasu a birnin Rum ranar 23 ga Fabrairu, 1821.

Wasiyyarsa ita ce kada a sa sunansa a dutsen kabari, a rubuta kawai cewa ga wanda aka rubuta sunansa a kan ruwa. Zancen ƙeta da makircin maƙiya da ke kan dutsen nan yau, abokansa ne suka ƙara, daga baya kuma suka yi da-na-sani.