Makon Shara Ma Amana Ne

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwana iyaye da malamai, ku ba ni aron kunnuwanku kaɗan.

Ranar Litinin da aka koma makaranta bayan dogon hutun damina, na raka ɗana ɗan aji uku har bakin ƙofar firamarensu. Ciyawa ta kai gwiwar yara a filin asambili. Wasu na riƙe da fartanya, wasu da tsintsiyar kwakwa, 'yan mata biyu sun ɗauko bokiti ɗaya tsakaninsu ruwa na zuba musu a ƙafa. A ajinsu ɗana har da kashin awaki, don taga ɗaya ba ta da murfi kuma awakin unguwa sun samu mafaka duk tsawon damina. Malamarsu ta riga kowa zuwa, ta goge allo, ta rubuta kwanan wata. Da ta buɗe rajista ta fara kiran suna, waɗanda suka amsa ba su kai rabi ba.

Na ce, "Malama, ina sauran yaran?" Ta ce, "Malam, sai mako mai zuwa, wasu ma sai na sama. Iyayensu sun ce ai makon shara ne, ba a fara karatu ba."

Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin ni ma na sha faɗinta a gidana. Uba ya ce ba a fara karatu ba, sai ya riƙe yaro. Malami ya shigo ya tarar da aji wayam, sai ya ce bari a jira su taru kada a bar wasu a baya. Yaron da ya zo ya koma gida ya ce yau ma ba a yi komai ba, sai maƙwabci ya ji ya ƙara riƙe nasa. Kowa yana jiran kowa, kwanaki suna tafiya, kuma kowannenmu yana ganin laifin na wani ne.

Ku yi lissafin da ni. Zango uku ake yi a shekara, kowanne galibi mako 12 zuwa 14, kuma na ƙarshe-ƙarshen bita da jarrabawa ne ke cinye su. Idan yaro yana rasa mako 2 a farkon kowane zango, a shekara ya rasa 6. Daga aji ɗaya zuwa aji shida ya rasa mako 36. Kusan shekarar karatu guda ke nan ta salwanta ba tare da ciwo ko tafiya ba, sai don "ba a fara ba" kawai. Sa'an nan mu zo muna mamaki ɗan aji shida ba ya iya karanta wasiƙa.

Da daddare na sa ɗana ya ɗauko littafinsa na bara. Shafin da ya karanta mini tiryan-tiryan kafin hutu, yanzu da yatsa yake bi yana tsayawa. Ya koma yana rikita b da d, ya ga ɓarawo ya ce ɗarawo. Na tambaye shi bakwai sau takwas, ya kalli rufi ya ce, "Baba, na sani fa, ya gudu ne." Wallahi gaskiya ya faɗa, karatu gudu yake yi. Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da mu riƙa bibiyar Alƙur'ani, ya rantse cewa ya fi raƙumi saurin kuɓucewa daga dabaibayinsa, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Idan wannan shi ne halin Littafin Allah a ƙirjin mahaddaci, ina ga baƙaƙe da wasulan da yaro ɗan shekara 8 bai gama riƙewa ba? Alarammominmu sun daɗe da sanin haka. Shi ya sa gardi ba ya barin tilawa, kuma almajiri idan ya huta Alhamis da Juma'a, ba a ce masa ya ƙara mako biyu kafin ya ɗauki allo. Babu uban da zai ce wa malamin Islamiyya makon farko ba komai ba ne. To me ya sa muke faɗin haka idan aka zo kan firamare?

Na san amsar da ke zuciyar wasunmu ko da ba su furta ba: wancan karatun lahira ne, wannan na duniya. Ku tuna abin da ya faru bayan yaƙin Badar a shekara ta 2 bayan Hijira. An kama fursunoni daga Ƙuraishawa, masu hali suka fanshi kansu da dukiya. Waɗanda ba su da abin biya amma sun iya rubutu, sai aka sanya fansarsu ta zama kowane ɗaya ya koya wa yara 10 na Madina rubutu. Mushirikai ne fa, ba tauhidi ko fiƙihu za su koyar ba. Riƙe alƙalami da haɗa baƙi kawai, irin abin da ake yi a aji ɗaya da aji biyu. Musulmi a lokacin suna cikin tsananin buƙatar dukiya, amma aka ɗauki iya rubutun yara goma daidai da kuɗin fansar mutum. Malaman sira sun ambaci Zaidu ɗan Sabit cikin yaran da suka koya ta wannan hanya, kuma shi ne daga baya Sayyidina Abubakar ya ɗora wa aikin tattara Alƙur'ani.

Ban manta da halin da ake ciki ba. Komawa makaranta tana zuwa ne daidai bakin kaka, ana buƙatar hannu a gona. Yunifom ɗin bara ya ɗage, takalmi ya tsinke, ga littattafan rubutu da fensir, ga kuɗin tara kullum, ga uwa da ta saba da ɗan abin da tallar yarinya ke kawowa cikin hutu. Wannan ba kasala ba ce, rashi ne, Allah Ya yaye mana. Amma ɗan uwa, tura shi da tsohuwar rigar a wanke, ka je da ƙafarka ka yi wa hedimasta bayani. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro a Najeriya shekara 9 na karatu kyauta, sai dai tun kafin doka akwai tambayar da ta fi ta nauyi. "Dukkanku makiyaya ne, kuma kowannenku abin tambaya ne game da abin da aka ba shi kiwo." A hadisin an ambaci namiji a kan iyalinsa, an ambaci mace a gidan mijinta. Ba a ce sai mai hali ba.

Ku kuma malamanmu, Allah Ya saka muku da alheri, mun san da yawanku kuna koyarwa a aji mai cunkoso, yara a zaune a ƙasa, albashi ba ya kai ƙarshen wata. Duk da haka, yara biyar ɗin da suka zo ranar farko suna da haƙƙi a kanku. Iyayensu sun tashe su da asuba, sun yi abin da ya dace, kada sakamakonsu ya zama yini guda na nome ciyawa su koma hannu rabbana. A yi shara awa ɗaya, a shiga aji a yi bita. Kuma don Allah, yaron da ya zo a makare ba takalmi a makon nan, a tambaye shi kafin a ɗaga bulala. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara 10 yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko "tir" ba.

Ni dai na ɗaukar wa kaina wani ɗan ƙaramin abu, saboda faɗin Manzon Allah (SAW) ta bakin Nana A'isha cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Tsakanin Magariba da Isha'i, bayan ɗana ya biya karatunsa na Islamiyya, sai ya buɗe jakar boko ya karanta mini shafi ɗaya, in duba ko an yi makin aikinsa. Kafin mu fara muna karanta "Rabbi zidni ilma", addu'ar da ke cikin Suratu Ɗaha aya ta 114. Daren jiya ya karanta ɓarawo daidai ba tare da ya sa yatsa ba. Yau da safe da zai fita na ce ya biya ta gidan maƙwabcinmu ya ƙwanƙwasa wa abokinsa, su tafi tare.